Legas Tsakanin Iskar Teku da Ƙurar Hunturu

A tsakiyar watan Fabrairun 2020, manyan jiragen sama da suka taso daga Turai da Amurka da Dubai suka iso sararin samaniyar Legas, suka yi ta shawagi, suka kasa sauka. Hazo ya lulluɓe filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja har matuƙa ba sa hango titin sauka, ga kuma na'urar da ke yi wa jirgi jagora idan gari ya rufe ba a gama daidaita ta ba a lokacin. Aka karkatar da jirage da dama zuwa Accra, babban birnin Ghana, inda wasu fasinjoji suka yi kwanaki suna jiran gari ya washe. Abin da ya tare musu hanya ƙura ce fara, mai laushi, wadda ta taso daga wani busasshen kwari a arewacin Chadi, ta yi tafiyar kusan kilomita 2,000, ta ratsa ta saman Nijar da arewacin Najeriya, ta zo ta tsaya a bakin teku.

Wanda bai san Legas ba zai yi mamaki. Birni ne da ruwa ya kewaye, wanda ke samun ruwan sama sama da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ina shi ina ƙurar hamada? Amsar tana cikin inda Allah ya ajiye garin. Legas na zaune daidai wurin da manyan iskoki biyu na Afirka ta Yamma ke ture juna, kuma iskar da mutum zai shaƙa a can ta danganta da watan da ake ciki, da ƙarfe nawa ne, da kuma unguwar da yake tsaye.

A fara da shimfiɗar garin. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a Najeriya ta fuskar faɗin ƙasa, murabba'in kilomita 3,500 da 'yan kai, kuma wani babban kaso na wannan ma ruwa ne da fadama. A kudu akwai tekun Atilantika. A tsakiya akwai tafkin Legas, mai tsawon sama da kilomita 50, wanda wani siririn tudun rairayi ya raba shi da teku, inda Victoria Island da Lekki suke. Sauran jama'a, miliyoyinsu, suna cunkushe a kan tudu daga Apapa da Surulere zuwa Mushin, Oshodi, Ikeja da Agege. Gadoji uku ne ke haɗa tsibirin Legas da kan tudu, mafi tsawonsu ita ce Third Mainland mai kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Ko'ina shimfiɗe yake. Filin jirgin Ikeja, wanda ake ganin yana kan tudu, kimanin mita 40 ne kacal daga doron teku.

Wannan rashin duwatsu babbar sa'a ce. Birnin Los Angeles na Amurka shi ma a bakin teku yake, amma tsaunuka sun tokare shi ta arewa da gabas, don haka idan iskar teku ta koro hayaƙin motoci sai ya rasa mafita, ya taru a gindin duwatsu rana ta yi ta gasa shi. Tun shekarun 1940 suke fama da wannan, kuma a can ne wani masanin sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit ya gano, a farkon shekarun 1950, cewa hasken rana na haɗuwa da hayaƙin salansa ya haifar da wata sabuwar guba mai yaji a ido. Da Legas na da irin waɗannan tsaunuka a bayanta, da yawan hayaƙin da take fitarwa yau, da wuya a iya zama a cikinta. Abin da ke ceton ta shi ne ƙofa a buɗe take ta kowane ɓangare, kuma teku na aiko da iska kusan kullum.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Ƙasa na saurin ɗaukar zafi, tana kuma saurin hucewa. Ruwa kuwa a hankali yake yin duka biyun. Da hantsi, kwalta da kwanon rufi da kankare sun ɗau zafi, iskar da ke kansu ta yi sauƙi ta tashi sama, ta tafi da hayaƙin da ke cikinta. Sai iska mai sanyi da nauyi daga kan teku ta kwararo ta cike gurbin. Wajen azahar za a fara jin ta a Marina da Victoria Island, zuwa la'asar ta kai Ikeja ta wuce, tana kaɗa labule tana busar da gumi. A wannan lokaci sararin da hayaƙin gari ke gauraya a ciki yakan kai tsayin kilomita ɗaya ko fiye, don haka ko da motoci sun cika titi, dattin ya samu wurin bazuwa. Wannan ne ya sa, in dai ba a tsakiyar gosulo mutum yake ba, iskar yamma ta fi ta kowane lokaci daɗin shaƙa.

Da dare kuma sai al'amarin ya juye. Ƙasa ta huce ta fi teku sanyi, iskar teku ta mutu, wani lokaci ma wata 'yar iska marar ƙarfi ta riƙa fita daga tudu zuwa ruwa. Iskar da ke dab da ƙasa ta yi sanyi ta kwanta, mai ɗumi ta hau kanta ta zauna, kamar an kifa faifai a bakin tukunya. Duk abin da aka ƙona daga nan zuwa fitowar rana a ƙarƙashin wannan murfi yake tsayawa, a cikin 'yar tazarar da wani lokaci ba ta wuce mita ɗari biyu ko uku ba. Kuma daidai lokacin ne dubban janareta ke ruri saboda an ɗauke wuta, masu gidajen burodi suka hura tanda, masu shara suka cinna wa bola wuta don kada a gan su da rana. Kafin ƙarfe biyar na asuba kuma ma'aikatan da ke zaune a Ikorodu da Agege da Iyana-Ipaja sun fito, motocin haya na danfo da tireloli sun hau titi.

Duk mai son ganin wannan da idonsa ya bi ta gadar Third Mainland da misalin ƙarfe shida da rabi na safe a watan Disamba. Ruwan tafki a kwance, ko motsi babu. Ta ɓangaren Makoko, inda gidajen katako ke tsaye a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin masu bandar kifi na fitowa ta tsakanin rufi, amma maimakon ya miƙe sama sai ya tashi kaɗan ya lanƙwashe, ya shimfiɗu a kan ruwa, shuɗi-shuɗi, kwale-kwalen masunta na shiga suna ɓacewa a cikinsa. Gaba kaɗan ta wajen Ebute Metta akwai Okobaba, inda masu yankan katako suka shafe shekaru da dama suna ƙona tarin garin katako dare da rana, har gwamnatin jihar ta gina musu sabon matsuguni a Agbowa. Rana na fitowa ja-ja-wur, mutum na iya kallon ta kai tsaye ido bai yi masa zafi ba. Zuwa ƙarfe goma, idan ƙasa ta ɗau zafi, murfin ya buɗe, duk wannan ya watse sai ka ce ba a yi ba. Amma waɗanda suka yi asubanci sun riga sun shaƙa.

Ranar da murfin ya ƙi buɗewa da wuri, kowa yakan sani. A ranar 12 ga Oktoban 2005, wani hayaƙi mai kauri da yaji ya sauka a sassa da dama na birnin ya yi sama da awa shida, mutane suka yi ta tari idanu na zubar da ruwa, jita-jita ta cika gari. Babu wata masana'anta da ta fashe ranar. Iska ce ta tsaya cik a ƙarshen damina, garin ya zauna cikin abin da ya saba fitarwa kullum. Bayan nan ne hukumar sufuri ta jihar ta sa aka fara wani bincike na auna iskar birnin.

Akwai kuma batun wa ke shan hayaƙin wa. Mafi yawan watannin shekara iskar Legas daga kudu maso yamma take busowa, wato daga teku zuwa cikin ƙasa. Wanda ke bakin ruwa shi ke fara karɓar ta tun tana da tsabta. Daga nan sai ta bi ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, inda jirage ke ƙona baƙin mai, tankoki da tireloli kuma suka yi layi inji a kunne. Ta ratsa Ijora da Oshodi da rukunin masana'antun Ikeja, tana ɗiba tana ƙarawa, kafin ta isa unguwannin arewa da gabashin birnin. Ba abin mamaki ba ne cewa filaye mafi tsada suna inda iska ke shigowa. Turawan mulkin mallaka da suka keɓe wa kansu Ikoyi sun san abin da suke yi, ko da yake su sauro da zafi suke gudu a lokacin. Binciken da aka yi da tallafin Bankin Duniya tsakanin 2020 da 2021, inda aka kafa na'urorin awo a wurare shida, ya nuna Ikorodu ce ta fi ko'ina gurɓacewa, da tazara mai yawa. Can ne ake da masana'antun narka tsofaffin ƙarafa, kuma an samu dalma a iskar wurin fiye da kima.

Wannan duk labarin yini guda ne. Na shekara ya fi shi girma, kuma Bahaushe ya san rabinsa tun daga gida.

Iskoki biyu ne ke mulkin wannan yanki. Ɗaya daga teku take zuwa, mai laima, ita ke kawo damina. Ɗayar daga Sahara take, busasshiya, ita ce ta hunturu. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da masana yanayi ke bibiya kullum, wadda ke hawa arewa tana saukowa kudu tana bin rana. A watan Agusta takan kai can wajen Agadas har ta wuce, shi ya sa ake marka a Kano da Zariya da Damagaram. Abin ban sha'awa, a daidai wannan lokaci ruwa kan ɗan ɗauke a Legas na wasu makonni, saboda babban hadarin ya yi arewa, ruwan tekun kuma ya yi sanyi. Don haka daminar Legas kashi biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, da ƙarama a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba iyakar ta fara ja da baya, zuwa Disamba da Janairu ta sauko har kusa da gaɓar teku.

Damina ce lokacin da huhun mutanen Legas ke ɗan hutawa. Ɗigon ruwa na kamo ƙura da toka ya sauko da su ƙasa, titunan da ba kwalta sun jiƙe ba sa tayar da ƙura, bola ta yi sharkaf ba ta cin wuta, iska kuma na da ƙarfi. Bayan ruwan dare a watan Yuni, mutum na iya tsayawa a kan gada ya hango dogayen benayen tsibiri tar daga nesa. Sai dai hutun ba cikakke ba ne. Ruwa na cika tituna, gosulon awa ɗaya ya koma na awa uku, kowace mota na tsaye tana fesa hayaƙi a fuskar ta bayanta. Jiƙaƙƙen icce ya fi busasshe hayaƙi. Mafi muni, gudun ruwa da gudun ɓarayi kan sa wasu su shigar da janareta cikin lungun gida ko baranda su rufe taga, kuma iskar da yake fitarwa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta sha kashe iyali guda cikin barci.

Iskar tekun ma ba koyaushe take zuwa hannu rabbana ba. A watannin Yuni da Yulin 2016, masana daga Turai da Afirka suka gudanar da wani babban bincike mai suna DACCIWA, inda jiragen sama uku ɗauke da na'urori suka riƙa tashi daga Lome suna auna iskar gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Daga cikin abin da suka gano akwai hayaƙin gobarar daji daga tsakiyar Afirka. Lokacin da ake damina a nan, rani ake yi a kudancin Kwango da Angola, manoma na ƙona daji. Hayaƙin ya hau sama ya fita kan teku, iskar damina ta kwaso wani kaso nasa ta shigo da shi Abidjan da Accra da Kwatano da Legas. Sun kuma ga cewa hayaƙin waɗannan birane ba ya tsayawa a bakin ruwa, yana bin iska ya shiga cikin ƙasa da nisa sosai.

Sai hunturu. Kwarin da aka ambata a farko sunansa Bodele, yana kudu maso yammacin Faya-Largeau. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce, wurin shi ne mafi zurfin wani makeken tafki da ya mamaye sama da murabba'in kilomita 300,000, wanda tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai taushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. A arewa maso gabashin kwarin akwai tsaunukan Tibesti ta gefe guda da na Ennedi ta ɗaya gefen. Iskar hunturu na matsowa ta tsakaninsu, ta fito da ƙarfin gaske, ta daki wannan farar ƙasa. Kimanin kwana 100 a shekara ana samun guguwar ƙura a wurin, kuma masana da dama na ɗaukar sa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wani kaso na ƙurar har ƙetare Atilantika yake yi ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Idan Bodele ta tashi yau, gobe ko jibi buji ya sauka a Maiduguri da Nguru da Kano. Manyan ƙwayoyin ƙurar, masu sa mutum ya ji rairayi a haƙori, a nan arewa suke zubewa. Abin da ke ƙarasawa bakin teku bayan wasu kwanaki shi ne mafi laushi, wanda ya fi daɗewa a sama, ya kuma fi nisa a cikin huhu. A hanya yana haɗuwa da hayaƙin ƙunar daji da ake yi a tsakiyar Najeriya daga Disamba zuwa Fabrairu.

Hunturun Legas ba irin na arewa ba ne, kuma direban da ya sauke tumatir a kasuwar Mil 12 ya ga mutanen gari sun sha rigunan sanyi har da hula saboda ma'aunin zafi ya sauko zuwa 22 yana da dalilin yin dariya. A Kano hunturu kan zauna wata uku ko fiye, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, ga fargabar sanƙarau idan zafi ya biyo baya. A Legas zuwa yake yana komawa: kwana huɗu ko mako guda gari ya yi fari, sannan iskar teku ta sake ture shi. Sau da yawa ma busasshiyar iskar ba ta taɓa ƙasa. Tana bi ta sama ne, mai laima na ƙarƙashinta, ƙurar na zubowa a hankali. Wannan haɗi shi ke sa hazon Legas ya yi nauyi, domin ƙura da toka na shan laima su kumbura.

Illar hunturu a birnin ta wuce ƙurar da yake kawowa. Iskar arewa na karo da iskar teku ta rage mata ƙarfi, wata rana ma ta hana ta shigowa sai can da yamma. Hazo na tare hasken rana, ƙasa ba ta ɗaukar zafi da wuri, don haka murfin nan na safe yakan daɗe bai buɗe ba. Ruwan sama da zai wanke sama babu shi. Bola ta bushe, ko guntun taba ya isa ya tayar da ita. Ma'ana, a daidai lokacin da baƙuwar ƙura ta iso, hanyoyin da garin ke bi ya rabu da nasa hayaƙin duk sun toshe. Mutane na kallon sama su ce hunturu ne, su ɗora wa hamada laifi baki ɗaya. Gaskiyar ita ce wani babban kaso na abin da ke sa ƙirji nauyi a waɗannan makonni a cikin garin aka ƙona shi.

Masana na auna wannan datti da wani ma'auni da ake kira PM2.5, wato ƙwayoyin da suka fi silin gashin kai sirantaka sau kusan 30. Gashin hanci da majina ba sa iya tare su. Suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu su shiga jini, kuma an tabbatar da alaƙarsu da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, asma, sankarar huhu da nimoniya a yara. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da ta ce bai kamata a wuce ba a matsakaicin shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita ta iska. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta na Legas a kan 68, ya kuma ce gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a birnin a shekarar 2018, kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Asarar da aka yi ta fuskar kuɗi ya ƙiyasta ta a kan dala biliyan 2.1. Awon da aka yi daga baya a wurare shidan nan ya ba da matsakaicin 47, wanda shi ma ya ninka sabuwar iyakar sau tara.

Daga ina hayaƙin gida ke fitowa? Kan gaba akwai ababen hawa, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne da aka gama moriyarsu a Turai da Amurka, sun haura shekara 15. Man da suke sha ma ya daɗe yana da matsala. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Switzerland mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa wa Afirka ta Yamma dizal mai ɗauke da farar wuta da ba za a yarda a sayar a Turai ba. A lokacin dokar Najeriya ta amince da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai kuwa 10 kacal. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince su sauko zuwa 50. Bayan motoci sai janareta, daga ƙaramin na mai aski zuwa ƙaton na banki, waɗanda ke samar da kusan rabin wutar da birnin ke amfani da ita. Sai shara. Jujin Olusosun da ke Ojota, wanda gari ya girma ya kewaye shi, ya kama da wuta a watan Maris na 2018, ƙarshen rani ke nan, hayaƙinsa ya yi kwanaki yana turnuƙe hanyar shiga Legas daga Ibadan.

A nan ne labarin ya shafi 'yan arewa kai tsaye. Hausawa sun fi ƙarni guda a Legas, daga Agege da Idi-Araba zuwa Obalende da Alaba Rago, kuma sana'o'in da akasarin sababbin zuwa ke yi na bakin titi ne. Mai shayi na kafa teburinsa tun kafin assalatu a gefen tasha, daidai tsayin salansar danfo, a sa'ar da iska ta fi kowane lokaci datti. Kafin ya sallami mutum goma ya goge tebur sau uku, tsumman ya yi baƙi. Ɗan acaɓa da mai Keke na yini a bayan tirela. Ɗan garuwa na tura kura a gefen kwalta. Mai suya na tsaye a kan gawayi daga magariba zuwa tsakar dare, lokacin da murfin ya fara rufuwa. 'Yan gwangwan na ƙona wayoyin lantarki don su ciro tagulla, a wasu mayanka kuma ana babbake fata da tsofaffin tayoyi. Da yawansu 'yan cirani ne, wato suna zuwa bayan girbi su koma kafin shuka, don haka watannin da suke yi a Legas su ne mafi munin watanninta. Idan tari ya kama mutum sai a ce sanyin teku ne, a sha citta da kanumfari a ci gaba da nema.

Fatakwal, wadda ita ma ke kusa da teku, ta nuna inda abin kan kai. Daga ƙarshen 2016 mazauna birnin suka fara wayar gari da baƙar toka a kan motoci da tagogi da tafin ƙafar yara, wadda aka danganta da matatun mai na bayan fage da kuma yadda ake ƙona su idan an kama. Can ma da asuba da kuma lokacin rani abin ya fi tsanani, saboda dalilan da aka bayyana.

Ba a zauna haka kawai ba a Legas. Manyan motocin bas na BRT sun fara aiki a 2008, jirgin ƙasa mai amfani da lantarki tsakanin Marina da Mil 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, wani layin kuma daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙara yawan na'urorin auna iska, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kuma na fitar da gargaɗi idan ƙura ta taso daga Chadi da Nijar. Amma birnin na girma fiye da saurin gyaran. Sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, sun buɗe wani sabon yankin masana'antu a gabas, kuma duk wanda ya san inda iska ke dosa ya san Epe da garuruwan bayan tafki ne ya kamata a fara kafa wa na'urorin awo tun yanzu.

Babu gwamnan da zai hana Bodele tashi. Abin da ke hannun hukuma shi ne rage na gida a makonnin da sama ta toshe: a hana ƙona shara da taya daga Disamba zuwa Fabrairu hani na gaske, a daina barin tireloli na kwana a Apapa inji a kunne, a kuma riƙa sanar da jama'a matsayin iska kowace safiya a rediyo da Yarbanci da Hausa da Ibo da Turancin buroka, yadda ake sanar da cunkoson hanya. Shi kuma ɗan cirani da ke shirin tafiya bana, ya saka takunkumin fuska mai kyau a cikin kayansa, domin rawani da ƙyalle manyan ƙwayoyi kawai suke tarewa. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da janareta ko da taga a buɗe take. In akwai mai asma ko ƙaramin yaro a gida, a bar fita da shi sai hantsi ya yi a ranakun hazo. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a kai shi asibiti a duba.